Ranar da Habsatu Ta Miƙe Zance

A kasuwar Garwa ta zamanin Jamus, in kana son daddawa mai kyau wajen Habsatu za ka, in kuma kana son a faɗa maka magana ka kai gida kafin ka gane da kai ake, nan ma wajenta za ka. Mace ce 'yar siririya mai ƙaramar murya. Mijinta bafatake ne daga ƙasar Katsina, ya kawo ta bakin kogin Binuwai da ƙuruciyarta, ya rasu ya bar ta nan. Ba a taɓa jin ta ce wa mutum ya yi ƙarya ba. Sai dai ta karkata kai, ta saki karin magana, ta ci gaba da jera daddawarta, 'yan kasuwa su kwashe da dariya, mai ƙaryar ma ya taya su kafin abin ya iso masa. Har matan Fulani masu tallar nono, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta ciniki ba, sukan sauke ƙwarya kusa da ita don su ji, in sun koma ruga su juya da Fulatanci.

Ba ita ta ƙirƙiro wannan hali ba, ta dai fi kowa iya shi ne. Mutanenmu ba sa son magana tsirara. Maciji in ya shigo gida igiyar ƙasa ne, wanda ya mutu ya riga mu ne, majinyaci kuwa ko ɗiga masa ruwa ake yi a baki, in ka tambaya da sauƙi za a ce maka. Baƙo yakan ɗauka tsoro ne ko rufa-rufa. To, akwai tsoron, ba a musu. Amma tushen abin shi ne a wurinmu magana ba iska ba ce. Abin da baki ya kira yana iya amsawa, bakin uwa kuwa ya fi na kowa saurin samun amsa. Shi ya sa ake zagaye mugun abu yadda ake zagaye rijiya marar murfi, kuma a wannan zagaye Habsatu ta yi suna.

Ɗa ɗaya gare ta, Muntaka, kuma duk Garwa babu wanda ya taɓa jin wannan suna a bakinta. Ɗan fari ne. Waɗanda suka biyo bayansa duk sun koma tun suna goye, amma wannan bai rage mata kunya ba. Ranar da aka yaye shi, yayarta Hindu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta saɓa shi a baya ta tafi da shi gidanta, shi ke nan. Hindu yake kira Inna, Habsatu kuwa Goggo, kamar yadda yaran unguwa ke kiranta. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a ƙofar ɗaki, sai ta amsa tana duban bango. In dole ta ambace shi, ɗan Adda take cewa, don Adda take kiran Hindu. Ya girma ya zama baduku, yana ɗinka takalma da kube a rumfar da ke tsallaken hanya da tata. Shekara da shekaru tana ganinsa da wutsiyar ido, ta san ranar da ya ci abinci da ranar da bai ci ba, amma ba ta taɓa juyawa ta dube shi sosai ba. Ana yaba mata a kan haka, ita ma tana jin daɗin yabon.

Tun farkon damina ta fara jin tarin. Busasshe ne da fari, daga baya ya yi nauyi, irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. In ya taso masa, hannunta yakan tsaya cak a kan daddawa har sai ya lafa. Hindu ta zo ta raɗa mata cewa kullum la'asar zazzaɓi ke rufe shi, gumi har tabarma ta jiƙe, kuma ta ga jini a tsumman da yake ɓoyewa. Matarsa ta tafi goyon ciki Mayo-Ulo wajen iyayenta, ba ta san abin ya kai haka ba. Habsatu ta ce Allah ya sawwaƙe, ta haɗa sassaƙe da zuma ta ce a kai wa mai jikin. Da Hindu ta juya baya, ta zauna ta daɗe ba ta kira mai saye ko ɗaya ba.

Binuwai ba ya ɗaukar manyan jirage sai da damina. In ruwa ya cika, jiragen Turawa su hauro su jibge kaya a bakin gaɓa, akwatuna da buhuna da nannaɗaɗɗiyar waya. In ruwa ya ja baya, sai kan mutum ya karɓi aikin. A wannan shekara kayan na arewa ne, ta Marwa har Kusseri, tafiyar da mai lafiya ma yakan dawo ba a gane shi. Aka aiko daga bariki cewa kowace unguwa ta kawo maza. Da aka zo unguwar Hausawa aka jera samari, sojan da ke zaɓe ya ji Muntaka ya yi tari, ya tambaye shi ko lafiya. Ga abokansa a tsaye suna ji. Me kuke tsammani zai ce? Da sauƙi ya ce, har da alhamdu lillahi. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, riga ta rufe sauran. Aka tura shi cikin waɗanda aka zaɓa, aka kora su shingen bariki, jibi a tashi.

Hindu ce ta kawo labarin kasuwa, tana kuka tun daga layin mahauta, ɗankwali a hannu. Sai da Habsatu ta sallami mai sayen da ke gabanta, sannan ta ce wa Adda ta rufe kanta ana kallonta. Ta ɗaure kwandonta, ta bar wa wata mai nono ajiya.

Suka fara da gidan Sarkin Hausawa. Ya saurare su, ya girgiza kai, ya tarbe su da wani karin magana mai daɗi a kan haƙuri. Habsatu ta san irinsa, ita ma ta sha ba mutane: ma'anarsa ku tashi ku tafi. Ranar ta fara sanin yadda abin yake a kunnen wanda aka yi wa. Suna bakin zaure ya ƙara da cewa su gwada Ilyasu.

Ilyasu shi ne tafintan bariki. Ɗan unguwa ne, da miyar daddawar Habsatu ya girma, ya bi sojoji kudu yana saurayi ya dawo da Jamusanci a bakinsa da takalmi mai igiya a ƙafarsa. Suka same shi a zaurensa yana kwance takalmin. Ya gaishe su kansa a ƙasa, don ya riga ya ga Muntaka a cikin shinge.

Ya ce musu likitan bariki ya tafi rangadi, ba a san ranar dawowarsa ba. Maganar 'yan dako tana hannun Baturen nan da ake kira Taƙaita, saboda kalmar da ya fi yawan faɗa wa masu kawo ƙara ke nan. A shekarun baya mutane sun yi masa dabaru iri-iri. Wani ya tauna goro ya tofar ya ce jini ne, wani ya naɗe ƙafa da tsumma, wani ya shafa barkono a ido. Saboda haka yanzu ba ya yarda da tari, ba ya yarda da jini, ba ya yarda da rantsuwa. Ƙofa ɗaya ya bari. Uwar da ta haifi mutum ta zo ta tsaya gabansa, ta kira sunan ɗan, ta ce ita ta haife shi, ta ce cutar da ke jikinsa ta mutuwa ce, ba zai tashi ba. In ta faɗa haka, ba kwana ba zagaye, a take ake kwance shi.

Hindu ta ce a'uzu billahi ta tofar gefe. Ilyasu ya ce mata da yawa sun je har ƙofar bariki sun juyo. 'Yan kaɗan sun faɗa, an sakar musu 'ya'yansu, kuma babu ɗaya cikin 'ya'yan da ya ga wata damina. Masu lissafi na cewa ai dama cutar ce, shi ya sa iyayen suka iya faɗa. Iyayen dai ba su yarda da wannan lissafi ba, akwai wadda har yau ba ta magana da kowa.

Habsatu ta tambaye shi wa ya koya wa Nasara wannan. Mutumin da ya zo jiya-jiya daga bayan teku, a ina ya san nauyin bakin uwa?

Ilyasu ya murza igiyar takalmi. Ya ce Baturen mai son karin magana ne. In la'asar ta yi yakan kira shi, ya ba shi kujera, ya ce ya kawo masa na Hausa, ya fassara, ya bayyana a inda ake faɗa da wanda ake faɗa wa. Shi kuma kansa ya kumbura, ga Bature yana neman ilimi a wurinsa. Ya kwaso na haƙuri, na kunya, na uwa da ɗa, na baki da abin da yake jawowa. Bai san mutumin yana auna gidan ne yana neman inda katanga ta fi gajarta ba.

«Da waɗanda na sani suka ƙare, Goggo, sai in je kasuwa in tsaya bayan rumfarki kamar mai jiran wani. Rabin abin da ya sani daga bakinki ya fito.»

Ba ta zage shi ba, ko da a karkace. Ta neme shi dai da alfarma ɗaya: ita ta faɗi wani abu daban, shi ya juya wa Bature yadda yake so ya ji. Ilyasu ya ce da zai yiwu da tuni ya yi wa wasu. Mutumin yana jin Hausa, ya fi yadda yake nunawa, kuma a wannan magana ba ya ma duban tafinta, bakin uwar yake duba.

A hanyar gida Hindu ta kawo shawara. Ita za ta tsaya a matsayin uwa. Kowa ya san Inna yake ce mata, ita ta goya shi, ita ta aurar da shi, amma ba ita ta yi naƙudarsa ba, saboda haka bakinta ba zai kama shi ba. Habsatu ta yarda nan da nan, har saurin yardar ya ba ta kunya. A ranta tana tambaya, wadda ta tauna ta ba yaro, ta kwana a kansa lokacin ƙyanda, ita bakinta ba na uwa ba ne? Ba ta furta ba, don in ta furta shawarar ta rushe, kuma ba su da wata. Suka koma suka gaya wa Ilyasu. Ya ce shi bai ji komai ba, amma in za a yi haka, Goggo ta zauna a gida.

Habsatu ta ce to. Da gari ya waye ta dama fura, ta ce za ta raka Adda zuwa bakin hanya kawai. Daga bakin hanya ta ce bari ta kai ta gindin tudu, ƙwaryar ta yi wa Adda nauyi. Hindu ba ta hana ta ba. Haka har suka tsinci kansu su biyu a ƙofar bariki.

Mata sun cika wurin, Fulani da Hausawa da matan duwatsu, kowace da abin da ta ƙullo wa nata. Can cikin shinge maza na zaune a rana, an zarga musu igiya a kugu. Habsatu ba ta duba wajen ba, ba ta kuma bukatar dubawa, ta ji tarin ta gane shi a cikin tarin mutum da yawa. Kowane tari sai ta ji kamar a ƙirjinta aka yi shi. Hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo, ana ta shiga da masu ƙara ana fitowa da su. Ga fura a hannunta, ko kurɓa ba ta yi ba.

Da aka zo kansu, soja ya shigar da matan da suka rage farfajiya, aka kawo Muntaka aka tsayar. Baturen na zaune a inuwar baranda. Habsatu ta zaci za ta ga ƙato mai jan ido, sai ta ga wani ramammen mutum wanda shi ma zazzaɓi ya mayar da shi rawaya, yana magana a hankali kamar mai ciwon kai. Wannan ya fi ba ta tsoro. Ta raɓe a bayan mata, ta kafa ido a gindin bango.

Hindu ta durƙusa ta ce ita ce uwar. Ta kira sunan, ta faɗi abin da aka ce a faɗa, da gudu, tana kuka tana dukan ƙirji, kalma na hawa kan kalma. Duk wanda ya ji ya san kukan na gaske ne. Matan farfajiya suka yi ta salati, kowace ta juya tana duban saurayin da aka yi wa wannan furuci, ana Allah sarki. Baturen ya ɗago kai. Ya bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sannan ya ɗaga yatsa, ya yi magana da Hausarsa mai tauri, bai bi ta kan tafinta ba.

«Wannan ta goya. Uwa, ga ta can. Wadda ba ta duba ba.»

Habsatu ta ji ƙasa ta yi mata nisa. Duk farfajiyar nan ita kaɗai ce ba ta dubi yaron ba, kuma abin da aka yi shekaru ana yaba mata a kansa shi ya nuna ta. Mata suka dare, soja ya yafito ta. Ta ajiye ƙwaryar, ta tako ta durƙusa kusa da Hindu, wadda ta kifa kai a ƙasa. Baturen ya ce ba zai hukunta mai goyo ba, ya san dalilinta. Amma dokarsa tana nan: uwa ta faɗa, ko gobe yaro ya ɗauki kaya.

To, mutum da abin da ya iya yake yaƙi. Habsatu ta gyara murya ta ce ransa ya daɗe, ta kawo karin magana a kan mai iko da talakansa, wanda ta tabbata ko dutse aka faɗa wa zai yi laushi. Ilyasu ya buɗe baki zai juya, Baturen ya ɗaga masa hannu. Ta kawo na biyu, wanda ya fi na farko. Ba ta kai ƙarshensa ba mutumin ya karɓe ya ƙarasa mata da bakinsa, daidai, har da inda take jan murya. Fuskarsa ta washe kamar ta ɗalibin da ya ba da hadda ba gyara. Ta ji maganarta ta dawo mata daga bakin baƙo, tsigar jikinta ta tashi.

Ya ce wannan yana da kyau, ya san shi. Sannan ya faɗi kalmar da aka sa masa suna da ita: taƙaita.

Ta ce jikin ɗan Adda ya yi nauyi ƙwarai. Ya ce kowa a shingen nan jikinsa da nauyi. Ta ce in aka ɗora masa kaya ba zai kai Marwa ba. Ya ce maganar da aka fara da «in» kowace uwa tana iya faɗa, domin ta bar wa kanta ƙofar fita. Bai yi tsawa ba, bai yi fushi ba, jira kawai yake yi, ga wasu matan a baya su ma suna jira. Ilyasu ya tsaya kamar an dasa shi, gumi na bin wuyansa.

Wuri ya ƙure mata. In ta yi shiru, gobe za a ɗora masa akwati, ya yi kwanakin da zai yi, ya faɗi a wani fako tsakanin duwatsu, a kwance igiyarsa a wuce. Ba wanka, ba salla, ba wanda zai san inda yake, ɗan da ke cikin matarsa ko kabari ba za a nuna masa ba. In kuma ta faɗa, ita da bakinta ta kira abin, da rana tsaka, gaban shaidu. Tun farkon damina take kaffa-kaffa da wannan kalma, ko a zuciyarta ba ta bari ta zauna. Kullum tana gaya wa kanta cewa muddin ba a faɗa ba, akwai sauran rabo. Ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Sai Muntaka ya yi magana daga inda yake tsaye.

«Goggo, bari. Kada ki faɗa. Zan iya.»

Bai rufe baki ba tarin ya turnuƙe shi. Ya sunkuya, ya dafa gwiwa, ya yi ta yi har soja ya riƙe igiyar don kada ya kifa. Habsatu ta juya. Ba da wutsiyar ido ba, duk fuskarta ta juya ta dube shi, gaban Bature da soja da matan gari. Ta ga kunnuwan ubansa, ta ga leɓɓansa sun yi fari, ta ga wuyan riga ya yi masa yawa. Ashe abin da take hangowa daga tsallaken hanya riga ce kawai. Wannan ko tulun ruwa aka ɗora masa ba zai kai bakin gari ba.

Ta juyo wajen baranda. Muryarta ta fito ƙarama kamar kullum, amma babu wanda bai ji ba.

«Sunansa Muntaka. Ni na haife shi, shi ne na fari, shi ne ya rage. Cutar da ke jikinsa ta mutuwa ce. Muntaka ba zai tashi ba.»

Wata Bafillatana ta toshe kunnuwanta, wata tsohuwa ta tofar sau da yawa tana neman tsari. Baturen ya dube ta ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya ce ya yarda, har da sannu. Soja ya kwance igiyar. Kafin su kai ƙofa an kira ta gaba.

Da suka fito, matan da ke waje suka buɗe musu hanya fiye da yadda ake bukata. Hindu ta ce za ta yi gaba ta sami malam, a yi rubutu, a fitar da sadaka tun rana ba ta yi nisa ba, ko Allah zai sa a tare abin. Ta faɗa ne tana duban wani waje, ta wuce da sauri. Habsatu ba ta ga laifinta ba. Ita ma da za ta iya barin bakin nan a ƙofar bariki ta tafi, da ta bar shi. Ɗaci take ji a harshe, ta rasa addu'ar da za ta kama, don duk wadda ta ɗauko sai ta tuna da wane baki za ta yi ta. Ta san daga yau duk tarin da Muntaka zai yi, nata ne. In ya kwana biyu, in ya shekara, ranar da abin zai zo babu wanda zai ce mata komai, kuma kowa zai tuna.

Muntaka na gaba tana baya, tazarar da suka saba. Yana tafiya yana hutawa. A gangaren tudu, inda ake hango kogi da tulin kayan da ke jiran kawunan wasu, ya ratse gindin wata tsamiya ya zauna ya jingina. Ta tsaya nesa kaɗan, ta ba shi gefe, tana jiran numfashinsa ya daidaita. Mutane na wucewa da jakuna da itace.

«Ashe haka yake a bakinki,» in ji shi.

Gabanta ya faɗi, ta ɗauka zai yi maganar abin da ta jawo masa.

«Sunan nake nufi. Tun ina yaro nake so in ji. In kina kiran yaran unguwa ki aike su, nakan tsaya kusa ko za ki manta ki haɗa da ni.» Ya yi ɗan murmushi, ya share baki da hannun riga. «Ɗayar maganar kuwa, Goggo, kada ta hana ki cin abinci. Na sani tun kafin jirage su zo. Inna ta sani, ke ma kin sani. Kowa na ce mini na ji sauƙi, ni ma ina taya ku, in na shiga ɗaki in zauna da abin ni kaɗai. Na gaji da riƙe shi ni kaɗai.»

Habsatu ta nemi abin da za ta ce. Macen da ba a taɓa rufe wa baki a kasuwar Garwa ba ta laluba duk abin da ta sani, na haƙuri, na ƙaddara, na rabo, ta ga babu wanda zai shiga nan. Ba ta yarda da shi ba, kada ku zaci ta yarda. Har yanzu tana jin abin da ta kira yana tafe a bayansu, kuma ba maganar yaro ce za ta kore shi ba. Amma ta ga rawar sanyin la'asar ta fara kama shi tun azahar ba ta yi ba, ga shi a ƙasa, ga ta a tsaye tana duban itace.

Ta tako ta zauna kusa da shi, a bakin hanya, inda duk mai wucewa zai gani. Wani mai jaki da ya san su ya rage tafiya, ya buɗe baki, ya fasa, ya wuce. Ta kwance mayafinta ta yafa masa, ta sa tafin hannu a bayansa, wurin da rabonta da taɓawa tun ranar yaye. Zafi ne kamar bangon murhu, haƙarƙari ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin yatsunta. Tarin ya sake tasowa, ta riƙe shi har ya wuce.

«Muntaka,» ta ce, «jingino nan. Ba sauri muke ba.»